Yatsana da Baƙin Man Motarka

Zuwa ga ƙanena, Dogon Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma sanyin wajen naku da kullum kake yi mana ƙorafi a kansa? Allah ya ƙara juriya, ya tsare mana ku a inda kuke, ya sa a gama lafiya a dawo gida lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi ƙwarai, yanzu tana tashi daga kan tabarma ba sai an kama ta ba, kuma likitan gashin ƙashi ya ce in ta ɗore a haka, nan da wata biyu zuwa sau ɗaya a mako ya ishe ta. Baban yara yana nan yadda ka bar shi, shi da rediyonsa da gardamar ƙwallo. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana zaune a gida tana cinye mana abinci tana jiran sakamako, ka sa ta a addu'a. Kasuwa kuma ana taɓawa, ba yabo ba fallasa.

To, na san abin da ya sa kake ta kirana a kwanakin nan. Ango ya turo maka saƙo cewa ka nemi wani ya riƙa duba motarka, shi ya sauke. Ka tambaye shi dalili ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ka tambayi Auta ta ce ka tambaye ni. Ka tambaye ni na ce maka layin ba shi da kyau, ba na jin ka. Dogo, layin nan lafiyarsa ƙalau, ina jin ka tar, kunya ce ta hana ni magana. Na zaɓi in rubuto ne domin na san halinka a waya, kafin in kai tsakiyar zance ka fara dariya ko ka fara yi mini wa'azi, ni kuwa so nake ka ji shi daga farko har ƙarshe. Amma bari in fara kwantar maka da hankali: motarka lafiya lau, Inna lafiya lau, kuma an shirya. Yau kwana shida ke nan ina barci har da munshari, in ji Baban yara.

Ka tuna da za ka tafi ka bar mini 'yar motar nan don in riƙa kai Inna asibiti Litinin da Alhamis, ka ce duk abin da ya shafi injinta Ango ne zai yi, tunda sana'arsa ce kuma mijin autarmu ne. Shekara takwas da aurensu har yau ba mu sauke masa sunan Ango ba, shi kuma bai taɓa cewa a sauke ba, ka san shi da rashin magana. Watan jiya lokacin juyen baƙin mai ya yi, shi da kansa ya tuna mini, ya zo ya ɗauki motar da safe ya dawo da ita kafin azahar, an wanke ta har tayoyi. Ya miƙo mini galan ɗin da sauran mai a ciki, ya ce in ajiye a but ɗin bayan motar ko za a buƙaci ƙari. Da a ce na jefa shi a but na rufe, da duk wannan labari bai taso ba. Amma ka san ni. Shekara ashirin da biyu ina sayar da man girki, ba a taɓa miƙo mini galan na ajiye ban buɗe ba, ko na ruwa ne sai na leƙa.

Na buɗe, na tsoma yatsa, na murza. Man nan tsararo ne, Dogo. Na karkata galan ɗin na zuba kaɗan a tafin hannuna, ya gudu ya bi tsakanin yatsuna kamar ruwa. Na ɗaga shi a rana, na sansana, na sake murzawa. A rumfata in dillali ya kawo mini mai irin wannan, ko zama ba zan bari ya yi ba, domin mai in ya tsinke haka to an yi masa algus, wannan tun ina 'yar shekara goma Inna ta koya mini. Duk da haka ban yarda da kaina ba, na kai wa malamar tawa. Inna ta sa tabarau, ta tsoma yatsa, ta murza, sannan ta ce wannan mai ko miyar marasa lafiya ba za ta yi da shi ba. Ka ga ƙwararru biyu sun yanke hukunci. Baban yara ya ce mu bar abin da ba mu sani ba, na ce masa shi da ko keke bai taɓa mallaka ba ya yi mana shiru, ya kuwa yi shirun ya koma wa rediyonsa.

Kwana biyu abin yana cina. Duk sanda na kunna motar sai in ga kamar injin yana ƙonewa a ciki, ga amanarka a wuyana, ga Inna a kujerar baya. A rana ta uku na ɗauki galan ɗin na kai wa mai janaretan da ke ba layinmu wuta a kasuwa, tunda shi kullum hannunsa dumu-dumu yake da baƙin mai. Ya duba ya girgiza kai, ya ɗauko nasa ya zuba mini a murfi, ga shi nan da kauri da danƙo, yana bin yatsa yana jan zare. Ya ce shekara goma sha yana zuba wa injinsa wannan bai taɓa ba shi kunya ba, mai na ƙwarai ai da ganinsa ka san ya ƙoshi. Wallahi bawan Allah nan ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya sani ke nan. Ni kuwa dama abin da nake son ji ke nan, sai na hau dokin zuciya, na bar wa maƙwabciyata rumfa na nufi garejin Ango.

A nan ne na tafka abin da nake jin nauyin rubutawa. Da na kira shi gefe, ko na bari ya zo gida, da da sauƙi. Ina! Da hantsi na isa, lokacin da garejin ya cika, masu motoci suna zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, mai walda yana nan, mai facin taya yana nan, abokan aikinsa duk suna nan. Ango yana cikin rami a ƙarƙashin wata farar mota, ya ji muryata ya fito yana murmushi yana gaishe ni. Ban amsa ba. Na dire galan ɗin a gabansa, na zuba man a hannuna na ɗaga wa mutane su gani, na ce in cuta zai yi ya je ya cuci bare, ba motar da ke ɗaukar uwar matarsa ba. Na ce mun ba shi 'yarmu mun ba shi amana, ashe jabun mai zai saka mana da shi. Ya ce in yi haƙuri in buɗe bonet ya nuna mini wani abu, na ce babu abin da zai nuna mini wanda yatsana bai riga ya gaya mini ba. Mai farar motar ya tashi daga benci ya ce a sauko masa da motarsa, ya fasa juyen. Ango ya tsaya yana ta goge hannunsa da tsumma, hannun da ya riga ya bushe.

Na dawo gida ina jin kaina kamar na ƙwato wa dangi 'yanci. Ranar Asabar na kai motar bayan kasuwa, mai janareta ya tsiyaye man Ango tas, ya ɗura mata nasa mai lamba arba'in, irin wanda manyan motoci da janareta ke sha. Na tsaya a kansa har ya gama, na murza man a yatsana na ji daɗi har cikin raina. Da na kunna sai na ga kamar muryarta ma ta ƙara girma, na ce yauwa, yanzu ta ci ta ƙoshi.

Abin da ya biyo baya a gida shi ya fi komai ciwo. Ka san Auta kullum da la'asar sai ta zo da yaranta ta shafa wa Inna magani a gwiwa, su yi ta hira har rana ta yi sanyi. Daga ranar ta ɗauke ƙafa. Ba ta kira ni ta zage ni ba, da ma ta yi hakan da na samu abin ramawa. Inna kawai take kira a waya, su gaisa a taƙaice. Ni na karɓi shafa maganin, Inna ta ce hannuna kamar na mai kirɓa ƙasa. La'asar tana yi sai ka ga Inna ta juya tabarmarta ta fuskanci ƙofa, ko akuya ce ta taɓa ƙyauren sai ta ɗaga kai. A cikin kwanakin ne Ango ya turo maka saƙon nan. Na san da shi domin kai ka faɗa mini, kuma da na ji bai ambaci sunana ba sai na ce ai rashin gaskiya ne ya hana shi bayani. Allah ya yafe mini wannan zato.

Motar kuma ta fara nuna hali. Da safe in na kunna ta sai ta yi wata ƙara, kaf-kaf-kaf, na ɗan lokaci kafin ta daidaita. A hawan gadar nan ta hanyar asibiti, inda da take haurawa ba ta ko nishi, sai na taka totur sosai take tafiya. Fetur kuwa ta dinga shan sa kamar an huda tankin. Kana tsammani na zargi kaina? Ko kaɗan. Cewa na yi ɓarnar da man Ango ya yi ce take fitowa yanzu, har na gode wa Allah da na farga da wuri. Na ci gaba da yawo da galan ɗinsa a but a matsayin shaida, ina jiran ranar da za ka dawo in nuna maka.

Ranar Alhamis, kwana goma sha biyu da zuba mai kaurin, mun fito daga asibiti ke nan sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Inna daga baya ta hango ta, ta tambaye ni wannan kuma ta mece ce, na ce ba komai, alhali ni ma ban sani ba. Na tuna ka taɓa ce mini in na ga fitila ta kama kada in yi ta maza in ci gaba da tafiya. Garejin Ango ba shi da nisa, amma da wace fuska? Sai na karya na shiga wani ƙaramin gareji da ke bayan kantin magani, na tarar da wani dattijo, gemunsa fari fat, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Ya sa na kunna, ya kasa kunne, ya sa na kashe. Ya zaro sandar awon mai ya duba, sannan ya ɗago ya tambaye ni wane ne ya zuba wa 'yar wannan mota man tirela.

Ni kuwa baki ya buɗe. Na kwashe labari kaf na ba shi, har da yadda na kama surukinmu dumu-dumu, na je but na ɗauko galan ɗin na nuna masa don ya taya ni mamaki. Dattijon nan bai katse ni ba. Da na gama sai ya ɗauki tsumma ya goge murfin da ake zuba mai ta wajensa, wanda ƙura ta rufe, ya ce in matso in karanta. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a jikin murfin, 5W-30. Ya juyo mini da galan ɗin Ango, ga shi nan a gabansa da manyan baƙaƙe, 5W-30. Ya tambaye ni ko motar tana da littafinta. Na buɗe aljihun gaba, na ɗaga katunan asibitin Inna, ga littafin a ƙasa cikin ledarsa, wata bakwai ina ɗora masa kaya ban taɓa buɗe shi ba. Ya buɗe shafin mai ya ɗora yatsa, lambar dai ita ce. Ya duba bakin galan ɗin da hatiminsa, ya zuba kaɗan ya gani, ya ce shi dai bai ga alamar jabu a nan ba, wanda ya zuba mini wannan ya san aikinsa kuma ya ji tsoron Allah.

Dogo, ban san sanda na jingina da motar ba. Dattijon ya ga halin da nake ciki, sai ya jawo mini kujera ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce injin ƙananan motocin yanzu hanyoyin da mai ke bi a cikinsa 'yan siriri ne ƙwarai, kuma ana so da an murɗa makulli man ya ruga ya kai har sama nan take. Mai kauri kafin ya ja jiki ya isa, ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe a bushe, ƙarar da nake ji da safe ke nan. Nauyin da take yi da shan fetur kuma, injin ne yake wahalar juyawa a cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce lambar farko mai harafi a gefenta tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi, ta biyun kuma yadda yake riƙe jikinsa in inji ya ɗau zafi, don haka man da na gani tsararo a hannuna ba ya tsinkewa a inda ake buƙatarsa. Ya ce man mai janareta ba shi da laifi, na ƙwarai ne a injin da aka yi shi dominsa, kowane inji da abin da maƙeransa suka rubuta masa. In mota ta tsufa ƙwarai bakanike yakan iya ƙara mata kauri kaɗan, amma wannan shawarar mai sana'a ce bayan ya duba. Ya ƙare da cewa yatsa yana da gaskiya a man girki, shi ma matarsa haka take yi, amma a nan murfi da littafi ake tambaya.

Abin da na iya tambayarsa kawai shi ne ko na kashe maka mota. Ya ce yana kyautata zaton ban kai ga haka ba, tunda kwanakin ba su da yawa kuma ba doguwar tafiya nake yi ba, fitilar ma mai yiwuwa wani sashe ne da ke aiki da ƙarfin mai ya ji nauyi ya yi ƙorafi. Amma ya ce a juye shi yau, kada a kai gobe, a canza har da filta, in na yarda ma ya yi mini a take. Har na buɗe baki zan ce to, don wallahi hanyar tsira na gani, sai Inna ta sauke gilashi. Ashe duk tana ji. Ta yi wa dattijon godiya ta sa masa albarka, ta ce ba a nan za a yi juyen ba, akwai inda ya kamata a yi shi. Ta ce mini in shiga mu tafi, ita ma yatsanta yana cikin wannan magana, kuma tunda a gaban mutane na zubar wa yaron nan da mutunci, ba a cikin ɗaki zan mayar masa ba. Dattijon ya ce in tafi a hankali kada in matsa mata.

Ban taɓa jin gajeriyar hanya ta yi mini tsawo kamar ta ranar ba. Muka isa garejin, mutane suna nan kamar wancan karon, har benci ɗin bai canza wuri ba. Inna ta ce sai ta sauka, ta dafa kafaɗata muka taka har inda na tsaya ranar. Ta sa aka kira mai walda da mai faci, ta ce duk wanda ya ji na farko ya zo ya ji na biyu. Na so muryata ta fita ƙasa-ƙasa, Inna ta zungure ni ta ce ranar ai ba raɗa na yi ba. Sai na ɗaga murya na faɗa. Na ce man da Ango ya zuba shi ne daidai, shi ne wanda aka rubuta a jikin motar, ni ce jahila na auna man inji da ma'aunin man miya, na yi masa ƙazafi a wurin neman abincinsa, ina roƙonsa ya yafe mini don Allah. Inna ma ta ce ya yafe mata. Ango kuwa kamar shi ne mai laifin, ya durƙusa a gaban Inna ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa don Allah ta zauna kada ƙafarta ta tashi, shi ba a yi masa komai ba. Mai faci ya ce shi dama ya san za a rina, mai walda ya ce ƙarya yake, ranar har kai ya gyaɗa mini. Aka yi dariya, ni dai tawa ba ta fito ba.

Ango ya hau da motar kan rami da kansa. Na tsaya ina kallon man da na yi alfahari da shi yana fitowa a hankali, da ƙyar, kamar ba ya son rabuwa da ita. Ya bar shi ya tsiyaye sosai, ya canza filta, ya ɗauko sabon galan ya nuna mini lambar da hatimin kafin ya fasa, ni kuwa na kau da kai don kunya. Da ya gama ya kunna ta. Babu kaf-kaf, babu komai, sai wannan 'yar siririyar muryar tata da ka sani. Ya jona wata 'yar na'ura ya duba, ya kashe fitilar, ya zagaya da motar ya dawo fitila ba ta sake kamawa ba. Ya ɗora kunnensa kusa da injin ya daɗe. Da ya ɗago ya ce alhamdu lillahi babu abin da ya taɓu, sai na zauna a bencin nan ina ta sauke ajiyar zuciya. Yau kwana shida, na hau gadar nan sau biyu da Inna, tana haurawa kamar da.

Washegarin ranar juyen da la'asar Auta ta turo ƙyaure da yaranta. Ba ta kalle ni ba da farko, ta wuce wajen Inna ta karɓi kwalbar magani, ta ce wa ya yi wa gwiwar nan wannan aika-aika. Na ce ni ce, kuma ba ita kaɗai na yi wa ba. Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, daga nan muka yi kuka muka wanke juna tas. Ta faɗa mini maganganu masu zafi, na haɗiye domin na ci bashinsu da halina. Baban yara kuwa ya samu abin yi, duk wanda ya shigo gidan sai ya ce a kawo wa injiniya ta duba masa mai. Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Mai farar motar nan na bi sawunsa ta wajen mai faci, na same shi a shagonsa na ɗinki, na yi masa bayani. Ya saurare ni da mutunci ya ce ya ji, amma har yau bai mayar da motarsa wajen Ango ba, ban kuma san mutum nawa ya faɗa wa kafin in isa gare shi ba. Wannan yana nan yana cina, ina kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya a rumfata gaskiyar abin da ya faru, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari, a hoton da ka turo ta ga tumbi. Ka gaida mini ƙawata uwargidanka, ka ce mata na ga saƙon mayafi na gode, kalar ta yi mini. Ka shafa mini kan takwarar Inna da ɗan autanku mai kunnen ƙashi. Baban yara yana gaisuwa, Auta da yaranta suna gaisuwa, Kawu na bakin tasha ya zo duba Inna shekaranjiya ya ce lallai in sa sunansa. Gwaggo ma tana gaishe ka, ta ce ka yi mata laifi ba ka kira ta ba da ta yi zazzaɓi, ka kira ta ka wanke kanka.

Na bar wannan a ƙarshe domin jiya na ji shi, kuma har yanzu in na tuna sai idona ya cika. Auta ta zo rumfata tana taya ni ɗura mai a kwalabe, sai ta ce akwai abin da Ango ya hana ta faɗa, amma ba za ta iya riƙe shi ba. Ashe tun ranar Asabar ɗin ya samu labarin irin man da aka zuba wa motar. Ya san in ya zo ba zan saurare shi ba, in ya faɗa maka kuma ya tona mini asiri. Sai ya zama duk Litinin da Alhamis yana barin aikinsa, ya ɗaure jakar sifanu da galan ɗin mai a bayan babur, ya laɓe a kwanar layinmu har mu fito. Ya bi mu daga nesa har asibiti, ya zauna a rana har a gama gasa wa Inna ƙafa, ya sake bin mu har ƙofar gida, don kada motar ta tsaya a kan gada da tsohuwa a ciki babu kowa. Ranar da fitila ta kama ma yana bayanmu, sai da ya ga na shiga wajen dattijon nan, wanda ya san shi, sannan ya juya. Sau huɗu mutumin da na kira macuci a gaban jama'a yana gadina a kan titi, ni kuwa ina zaune a gaban sitiyari ina tsine masa a zuciyata.

Don haka ka share saƙon nan da ya turo maka, kada ka nemi kowa. Ka kira shi ka gaishe shi da kyau, ka ce motar tana hannunsa. Kada ka nuna masa ka san zancen babur, zai ji kunya ya kuma yi fushi da Auta. Ni ma ban nuna masa ba. Da safen nan ya biyo ya gaishe da Inna, ya ce mini Yaya ina kwana, na amsa, na shige ɗaki da sauri kafin ya ga fuskata.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka ta kasuwa.